TAKARDAR ƘOSAN INNA DELU

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa Zuliha ta cika zargi, ki karanta na yau har ƙarshe tukuna, sannan mu yi magana.

*

Saura kwana tara konkur, jarrabawar neman gurbin makaranta.

Zuliha ta kai matsayin da take zuba gishiri a kunu, in an yi mata magana sai an maimaita sau biyu. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce ta cika zaƙewa, amma ita ta san inda ke mata ƙaiƙayi. Makarantar masta ta kiwon lafiyar jama'a da take nema a Yamai mutum goma sha biyu kacal take ɗauka a duk faɗin ƙasa, kuma ba ta karɓar wanda ya cika shekara talatin da biyar. Zuliha za ta cika su a watan gobe. Bara ta zauna, rabin maki ya kayar da ita, a lissafin cututtuka. In ta bana ta kuɓuce shi ke nan, ita da allura da awon jarirai a likitar unguwa, ɗan asibitin da take aiki, har ranar da za ta ajiye aiki.

Da safiyar Asabar ɗin mijinta Rashid ya sauke ta a bakin lungun su ƙawarta Aliya cikin Birni, don moto, babur ɗinsa, ba ya iya yashin lungun. Fanta, 'yarsu mai shekara huɗu, tana zaune a gabansa ta ƙanƙame madubi.

"Kin ɗauko ambulan ɗinki?" ya tambaye ta.

"Yana cikin jaka."

"To ki riƙe naki. Kar ki biye wa surutun ƙawaye su rikita miki kai, yanzu ba lokacin kwashe-kwashe ba ne. Abin da muka yi bita a gida shi ne."

"To, Mushe," ta ce, yadda ake kiran malamin makaranta.

"Kar ki damu da abincin rana, zan kai Fanta gidan Hajiya."

Ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwana. Duk likitar da take aiki babu macen da ba ta yi mata sha'awar mijin nan ba. Malamin lissafi ne a lise, babbar sakandare, amma kullum bayan la'asar sai ya ture takardun ɗalibansa gefe, ya ɗauki nata, ya ajiye agogo a gaba yana jefo mata tambaya. Wasu mazan kuwa ko littafi suka gani a hannun mace sai ciwon kai ya kama su.

Ita makarantar nan ba ta fitar da tsofaffin tambayoyinta, sai dai ka bi waɗanda suka taɓa zama kana roƙo kamar mai neman iri da damina. Aliya ce ta sha wannan wahalar. Har garin Mirriya ta je ranar kasuwa, ta lalubo wata ungozoma da ta zauna konkur ɗin sau uku, kowane zuwa tana fitowa daga ɗakin jarrabawa sai ta zauna gindin bishiya ta rubuce abin da ta tuna a kaye, littafin rubutu, tun bai gudu ba. Da kayen nan su uku suka kafa abin da ƙawarsu Habiba ta raɗa wa suna adashin karatu. Kowacce ta ɗauki fanni ɗaya, ta warware tambayoyinsa da hannu, ta kai shagon Isma'ila, yayan Zuliha, a Sabon Gari. Shi zai buga a ordinata, wato kwamfuta, ya fitar guda uku, ya sa wa kowacce nata a ambulan da sunanta a kai. Lissafin cututtuka, wanda ya yi wa Zuliha ƙafar ungulu bara, shi ne zubin Aliya.

A ƙofar gida ta tarar da Inna Delu, uwar Aliya, a gaban kaskon ƙosanta, hayaƙi na shiga mata ido tana yi wa ɗanyen itacen faɗa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Wai karatun nan zai bar mana ke kuwa? Dubi wuyanki. Kin karya?"

"Na sha kunu."

"Kunu ba abinci ba ne. Zo nan."

Ta ɗaga dutsen da ta danne wasu tarin takardu da shi, ta zaro ɗaya, ta kwaso ƙosai masu zafi ta barbaɗa yaji ta miƙo mata.

"Takardun ƙawarki ne da ta gama da su. Na ce maimakon ɓera ya cinye, su yi min aiki."

Zuliha ta yi dariya ta kai ɗaya baki. Mai ya jiƙa takardar, rubutun Aliya ya fito sarai, 'yan ƙananan haruffan nan nata masu kwanciya gefe guda. Mai konkur kuwa ko kwalin magani ya gani sai ya karanta.

Tambaya ta goma sha huɗu.

*Gari mai mutum dubu goma. Hamsin sun kamu da ƙyanda, biyar sun mutu. Yaya tsananin kisan cutar yake?*

Ta san ta. Ko daga barci aka tashe ta za ta faɗa: a raba biyar da dubu goma, yawan mutanen gari.

Amma a ƙasa Aliya cewa ta yi a raba biyar da hamsin, yawan waɗanda suka kamu. Har layi biyu ta ja a ƙarƙashi, ta ƙara da cewa, "Hattara, nan ake faɗuwa."

Ta ajiye ƙosan.

Ta buɗe jaka, ta zaro ambulan, ta nemo bugaggiyar takardarta. Ta goma sha huɗu. Dubu goma. Babu hamsin, babu hattara.

Ba ta san sanda ta durƙusa ta ture dutsen ta kwashe tarin takardun gaba ɗaya ba.

"Ke! Ke Zuliha! Da me zan naɗe wa mutane?"

"Inna ara min, yanzu zan dawo da su."

"Ikon Allah. Karatu ya fara taɓa yaran nan."

A zaure ta baje su a ƙasa, na hannu a dama, bugaggu a hagu. Tambaya goma ta gwada, bakwai sun saɓa. Kuma ba irin kuskuren mai buga takarda ba ne, da zai tsallake harafi ko ya juya lamba. Bi aka yi a hankali, aka ɗauke abin da ke sama aka mayar ƙasa, aka sauya kalma da 'yar uwarta, yadda in ba ka ƙware ba ba za ka taɓa ji a jikinka ba. Wanda ya yi aikin nan ya san lissafi, ya kuma san daidai inda take da rauni.

Tsoro ya kama ta. Wata uku ke nan tana haddar takardun nan. Wuri goma sha biyu ne, kuma Aliya ma ɗaya take nema. Ta san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma fa biri ya yi kama da mutum.

*

Aliya na zaune a tabarma ta baje littattafai, bik ɗin rubutu a baki.

"Ke kin makara, har na yi tambaya shida ni kaɗai. Sa agogo mu…" Ta ɗago kai. "Lafiya? Wa ya mutu?"

Zuliha ta ajiye takardar mai maiƙo a gabanta, ta jera bugaggiyar a gefenta.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa mana. Inna ta fara rabon ilimina ke nan a ƙofar gida?"

"Karanta ta sha huɗu. A nan, da nan."

Aliya ta karanta. Ta sake karantawa. Murmushin ya ɗauke.

"Wannan ba daidai ba ne."

"Wanne?"

"Bugaggen. Ai da waɗanda suka kamu ake rabawa. Wa ya ba ki wannan?"

"Wa ya ba ni? Aliya, ni za ki tambaya wa ya ba ni? Zubin wa ne lissafi?"

"Nawa ne, amma ni ba haka na…"

"Ɗauko littafin."

Aliya ta jawo ƙaton littafin nan da suka aro, wanda bangonsa ya rabu da shi, ta buɗe ta ɗora yatsa. Zuliha ta sunkuya. Har cikin ranta addu'a take Allah ya sa na hannun ne kuskure, Allah ya sa gwaji ne Aliya ta yi ta jefar. Ina! Littafi ya ce hamsin.

Ta miƙe tsaye.

"Tun kina lakwal, 'yar firamare, nake cin tuwo a gidan nan. Inna da bakinta take cewa 'ya'yanta mata biyu ne. Shekararki ashirin da tara, Aliya. In kin faɗi bana kina da baɗi, kina da baɗin baɗaɗa. Ni fa? Me zan rage ki da shi in na samu?"

"Zuliha, ki ji tsoron Allah."

"Ni ce ma zan ji tsoron Allah?"

"Wallahi tallahi abin da na rubuta shi na kai shago."

"To aljanu ne suka canza shi a hanya."

Aliya ta rarrafa ta jawo nata ambulan ɗin ta zazzage. Ta nemo ta sha huɗu ta miƙa mata. Hamsin. Ga hattara nan an buga shi da manyan baƙaƙe.

"Kin gani?"

"Na gani. Na ga kin ajiye wa kanki mai kyau."

"Ni? Ni da na shiga motar Mirriya da awaki a kan cinyata, na yini ina lallashin matar nan kafin ta ba ni kayenta? Da ina son ki faɗi ai shiru zan yi, in ci abina ni kaɗai, wa zai sani?"

"Da kin yi shiru da na nema a wani wuri. Wannan ya fi, kin ba ni kin kuma hana ni."

Sai Aliya ta fashe da kuka.

Ana haka Habiba ta ɗaga labule. Ita ce ta ukunsu, mace mai jiki da murya, wadda tunda aka haife ta ba ta iya raɗa ba.

"Tun daga wajen Inna nake jiyo ku. Ga ta can tana naɗe wa mutane ƙosai a ganye tana tsine wa konkur. Me ya faru?"

"Ba ni ambulan ɗinki," in ji Zuliha.

"Babu ko sannu?"

"Ba ni."

Habiba ta miƙa mata tana kallon Aliya. Zuliha ta duba ta sha huɗu, ta duba ta ashirin, ta duba ta talatin da ɗaya. Duk irin na Aliya ne, duk daidai da littafi.

"Ashe ku biyu ne," ta ce a hankali.

"Mu biyu me?"

Aliya ta yi mata bayani cikin kuka. Habiba ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki takardun ta jujjuya, sannan ta tuɓe mayafi ta rataya a ƙofa kamar mai shirin dambe.

"Zauna."

"Ba zan…"

"Na ce zauna! Ni dai kin san ban iya lissafin da zan ƙulla wannan ba, da ƙyar nake raba goma da biyu. Kuma da kina yin lissafi tare da mu da tuni an gano. Sau nawa muka ce a yi shi tare kika ce Mushe ya riga ya yi miki bita a gida, a wuce wani fannin?"

"Kar ki sako Mushe a maganar nan."

"Ban sako kowa ba. Tambaya ɗaya zan yi miki. Daga hannun Aliya zuwa jakarki, hannu nawa takardar nan ke bi?"

Zuliha ta dubi ambulan ɗinta.

"Yaya Isma'ila ne ke bugawa."

"To."

"To me? Yayana ne, ciki ɗaya. Shi ya goya ni ya kai ni lakwal ranar farko."

"Ni ban ce komai ba. Amma wadda ta iya tuhumar ƙawa ai ta iya tambayar ɗan'uwa."

Aliya ta share fuska da gefen zane, ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

"Mu je shagon. Wallahi ba zan yini da kashin kajin da kika shafa min ba."

*

Suka hau adaidaita. Zuliha na tsakiya, ta rungume takardu a ƙirji, zuciyarta na ta saƙa da warwara. Ta tuna ranar da Yaya Isma'ila ya ce, "In kin tafi Yamai wa zai riƙa auna wa Baba hawan jini?" Da wasa ya faɗa, har da dariya. To amma wasa ai shi ne maganar gaskiyar mai kunya. Sai kuma ta tuna Yaya aji shida ya tsaya, bugu ya iya, lissafin cututtuka kuwa ko a mafarki. Ke nan in shi ne, wani ya rubuta masa. Ta saci kallon Aliya ta gefen ido. Aliya ta juyar da kai tana kallon titi.

Allah sarki Zuliha. A wannan tafiyar har mai adaidaitan sai da ta ga kamar ya san wani abu.

Shagon Isma'ila ɗan ƙarami ne, injin fotokofi ya cinye rabinsa, shi kuma da tumbinsa ya cinye sauran. Yana hango su ya washe baki.

"A'a! Manyan likitocin gobe! Yau adashin a nan za a kwasa?"

"Yaya, sallami mutanen nan. Magana ce."

Ya dubi fuskarta, ya gama wa wasu mata biyu fotokofin da suke jira, ya sallame su. Habiba ta tura ƙofa. Zuliha ta jera ambulan uku a kan tebur.

"Me ya sa nawa ya bambanta da nasu?"

Isma'ila ya dubi takardun. Ya dubi Aliya, ya dubi Habiba. Ya sosa ƙeya. Sai kawai ya fashe da dariya.

"Kai, kai, kai! Asiri ya tonu. Ke ma Zuli ba ki da wayo, a gabansu za ki kawo maganar?"

Habiba ta dafe ƙirji. Zuliha ta matso gaban tebur.

"Ke nan ka sani?"

"Ni da nake bugawa? Ku yi haƙuri 'yan mata, ba wai an cuce ku ba ne, naku ma yana da kyau. Amma kowa ya samu rana ai nasa zai fara shanyawa. Na ƙanwata na musamman ne."

"Na musamman," Zuliha ta maimaita.

"Gyararre! Sai an tace shi an sake tacewa kafin ya shiga ambulan ɗinki. Ni fa har bugu biyu nake yi saboda ke, ba ki taɓa ce min sannu ba."

"Wa ke gyarawa, Yaya?"

"To wa muke da shi a dangi da ya san lissafi? Ni? Mushe mana."

Aliya da Habiba suka dubi juna.

Isma'ila bai lura ba, daɗin labari ya ɗebe shi.

"Tun satin da kuka fara ya zo nan ya same ni. Ya ce Aliya na ƙoƙari, amma akwai dabarun da sai malami ya sani. Duk takardar lissafin da ta kawo in yi masa fotokofi, ya tafi da ita, ranar Asabar ya dawo min da ita da jan bik, in buga naki daban. Ya ce kar in faɗa miki, don ke ba ki iya cin abu ke kaɗai ba, za ki raba musu, wuri kuma sha biyu ne. Na ce wallahi Mushe ka san matarka. Ai ni tun ranar na ƙara ganin girmansa. Tsaya ma ki gani."

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wasu takardu an ɗaure su da roba, ya baje.

Rubutun Aliya ne, jan bik ya bi ta kansa. Zuliha ba ta buƙaci a faɗa mata hannun wa ne ba. Da wannan rubutun aka yi ta aiko mata da wasiƙu shekara biyu kafin a ɗaura aure, har yau suna ƙasan akwatinta. Ta nemo ta sha huɗu. An soke hamsin, an rubuta dubu goma a sama. Hattaran Aliya kuwa an ja masa layi miƙaƙƙe tsaf, irin na malamai.

Wata la'asar ta faɗo mata a rai. Suna zaune a tsakar gida, ya jefo mata wannan tambayar, ta ce, "Anya Mushe? Ni kamar bara ba haka na karanta ba." Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa bara kika faɗi." Ita ce ma ta ba shi haƙuri.

"Ƙila…" in ji Zuliha. "Ƙila shi ma kuskure ya yi. Lissafin lise daban, na cututtuka daban."

"Bakwai cikin goma?" in ji Habiba. "Mutum ya ga an rubuta hattara ya sa bik ya soke? Zuliha, ni kin zarge ni, kin zargi baiwar Allahn nan har ta yi kuka a ɗakin uwarta, a hanya na ga kina zargin yayanki. Yanzu da aka zo kan ainihin mai laifi kin zama lauya?"

Fara'ar Isma'ila ta fara zagwanyewa.

"Wai me ake ciki ne? Wane laifi? Ba gyara ba ne?"

"Yaya," Aliya ta ce a hankali, "duk inda jan bik ɗin nan ya taɓa, gaskiya aka cire aka sa ƙarya. In ta rubuta wannan ranar konkur ta faɗi."

Ya dube ta kamar ta yi masa wani yare. Ya ɗauki takarda ɗaya ya kai ta kusa da ido, ya ajiye. Sannan ya zauna daɓas a kan kwalin takardu.

"Da hannuna? Ni na buga mata? Ni da nake yin bismilla in tofa a ambulan ɗinta kafin in liƙe?"

 Ƙaton mutum kamar Isma'ila ya rufe fuska da hula, abin tausayi.

Zuliha ta juya wajen Aliya. Kunya ta hana ta haɗa ido da ita.

"Aliya, ni…"

"Bari. Ba yanzu ba, zan rama daga baya." Ta ja hanci, ta fara tattara takardun jan bik ɗin. "Wannan ma taimako ne, ya nuna mana duk inda aka taɓa. Kwana tara ne. Ki ɗauki hutu a likita, ki dawo gidanmu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya daga safe har magariba. Kin iya sauran fannonin, wannan kaɗai ne. Wallahi za ki zauna konkur ɗin nan da gaskiya a kanki."

Zuliha ta gyaɗa kai. A karon farko tun safe ta ji numfashinta ya sauka har ciki.

Sai wayar Habiba ta yi ƙara. Ta duba, ta ƙara matso da ita.

"An liƙa lis. Sunayen waɗanda aka karɓi dosiyensu, takardun neman shiga, masu zama konkur. Wata ta ɗauko hoto ta turo a gurup." Ta ja da yatsa. "Aliya ga ki nan, ta shida. Bari in ga… ga ni, arba'in da ɗaya. Alhamdu lillahi. Ke Zuliha naki yana can ƙarshe, masu Z."

Aliya ta daina tattara takardu. Ta ɗago a hankali.

"Zuliha. Wa ya kai miki dosiye?"

"Ranar ina gadin marasa lafiya a likita, ba wanda zai karɓe ni. Mushe ne ya kai."

"Resefise fa? 'Yar takardar da suke bayarwa in sun karɓa?"

"Ya ce tana cikin jakarsa. Ya adana min kar Fanta ta yaga."

"Kin gan ta da idonki?"

Zuliha ta juya wajen Habiba. Ta miƙa hannu, Habiba ta sa mata wayar. Hoto huɗu ne. Ta wuce na farko, ta wuce na biyu, ta wuce na uku. Yatsanta ya yi gumi har gilashin ya ƙi ja, ta goge a zane.

Yahaya. Yusufa. Zakari Mala. Zainabu Ibrahim.

Daga nan sai hatimi da sa hannu.

Ta koma sama ta sake bi, suna bayan suna, ko an rubuta nata da wani harafin. Ta sake saukowa. Zainabu Ibrahim. Hatimi.

"An rufe karɓa tun sati uku," Habiba ta ce, kuma yau kam da raɗa ta faɗa.

Ƙarar moto ta tsaya a ƙofar shago.

Isma'ila ya sauke hular daga fuskarsa, idonsa jawur.

"Yau Asabar," ya ce. "Yau yake kawo gyara."

Aka turo ƙofa. Rashid ya shigo da sallama, jakar fatarsa a kafaɗa, wasu takardu ninke a hannu, jan bik na leƙowa daga aljihun riga.

"Isma'ila, ga na ƙarshen, ka buga mata kafin…"

Ya ga Habiba. Ya ga Aliya. Ya ga rubutunsa baje a kan tebur. Sannan ya ga matarsa.

Zuliha ta ajiye wayar. Shekara takwas da aure, ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Rashid," ta ce, "ajiye jakar nan a kan tebur. Buɗe ta."